Sunan Omer a Cikin "Da Sauransu"

Ranar Talata wasiƙar ta iske Russell Demchuk a ofishinsa na jami'a a Ontario, yana cin burodi da cuku a tsaye. Ƙungiyar masu binciken tono bayanai ce ta rubuto. Maƙalarsa ta 1994 ta ci lambar yabon da suke ba aikin da ya shekara talatin bai mutu ba. A watan Yuli za a miƙa ta, kuma ana son marubutan su hau dandamali da kansu.

Ya ajiye burodin. Marubutan uku ne. Ɗaya ya mutu, ɗaya shi ne, ɗayan kuwa rabon da su yi magana shekara ashirin da bakwai.

Aikin nasu ba wani sihiri ba ne. Mutum ya rubuta wa kwamfuta kalma biyu ko uku, ita kuma ta kutsa cikin takardu miliyan ta jero masa goman da suka fi dacewa. Wanda ya samo lissafin jerawa mai kyau shi ne gwani, kuma a wajen mutanen nan ba a auna gwani sai da yawan waɗanda suka ambaci aikinsa a cikin nasu. Russell na da maƙala ɗari da sittin. An ambace shi sau dubu goma sha ɗaya. Dubu shida daga ciki na wannan guda ɗayar ne, kuma lissafin da ke cikinta ba daga kansa ya fito ba. Daga kan Omer Arsenault ya fito.

Ofis ɗaya aka ba su suna sababbin malamai. Omer ya samo lissafin, Russell ya yi wata takwas yana gwada shi. Da aka zo kan sunan wa za a fara sawa, kwabo suka jefa sama, Russell ya ci. Omer dariya kawai ya yi, don in marubuta biyu ne, duk mai ambato dole ya kira su biyun, Demchuk da Arsenault.

Ana gobe za a tura maƙalar, Russell ya ƙara sunan shugaban sashensu, Farfesa Whitcombe, a na uku. Mutumin ko layi ɗaya bai rubuta ba. Russell ya gaya wa kansa ladabi ne, tunda shi ya ba su babbar kwamfuta. Maganar gaskiya tsoro ne, don Whitcombe ne zai zauna a kwamitin da zai tabbatar da su a aiki. Bai shawarci Omer ba. Kuma bai tuna da al'adar da ya sani tun yana ɗalibi ba: marubuta in sun kai uku, na farko kaɗai ake kira, a ce "da sauransu".

Haka duniya ta riƙe ta. Demchuk da sauransu. A bakin mutane ma har "sauransu" ɗin ya faɗi, ta koma dabarar Demchuk. Bayan shekara uku aka tabbatar da Russell. Da aka zo kan Omer, manyan malaman da aka nemi shaidarsu daga waje suka rubuto cewa sun san dabarar Demchuk sarai, amma ba su ga wani abu na Arsenault na kansa ba. Aka sallame shi. Ya kwashe littattafansa ya koma ƙauyensu a gaɓar teku a New Brunswick, ya kama aiki a ɗakin karatun gari.

Tun daga nan Russell bai ƙara samun wanda zai yi musu da shi har muryarsa ta dushe ba. Ɗalibai "to, Farfesa" kawai suka iya. Sau tari yakan gano wani abu a aiki ya juya gefen hagu, inda Omer ke zama a da, zai yi magana, sai ya ga kabad.

Ranar Asabar ya hau jirgi zuwa Moncton, ya ɗauki motar haya, ya yi tuƙin awa biyu. Bai buga waya ba, don ya san abin da za a ce masa a waya.

Ginette, matar Omer, ta buɗe ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Rus? Kai, ka yi teɓa. Shigo, yana kicin. In ya jefe ka da wani abu ba ruwana."

Omer na zaune a teburin cin abinci, gashi ya tafi, tabarau a kan hanci. Gabansa kwalayen takalma ne cike da ƙananan katuna, gefe kuma tarin tsofaffin jaridun garin. Ya yi ritaya, amma yana bin jaridun da hannu, duk sunan da ya gani ya yi masa kati. Bai tashi ba.

"Ginette, wa nake gani kamar Demchuk?"

"Shi ne."

"Shi kaɗai ya zo, ko da sauransu?"

"Omer," in ji Ginette, "mutum ya yi tafiya."

"Zauna, Farfesa. Yi hankali da kwalin nan, matattun 1952 ne a ciki."

Russell ya zauna. Ya fito da wasiƙar ya tura masa. Omer ya karanta ta a hankali har ƙarshe, ya ninke ta yadda take, ya turo ta.

"Barka. Whitcombe fa, zai taso daga kabari ya karɓi nasa kason?"

"Ina so ka zo, mutumina. Mu hau tare. Zan faɗa a gaban kowa cewa lissafin naka ne."

"Ka faɗa wa mutum nawa? Ɗari tara? Su tafa, su fita shan kofi. Takardu dubu shidan fa, za ka bi su ɗaya bayan ɗaya da biro kana gyarawa?"

Russell ya ɗago kai. "Ina ka san dubu shida ne?"

Ginette ce ta amsa daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba.

"Duk Lahadi yana dubawa. In mun dawo daga coci, kafin ya cire takalmi."

"Wa ya tambaye ki?"

"Shekara nawa ina jin 'an ƙara tara', 'an ƙara goma sha biyu'. Ni na haddace ta fiye da kai."

Ta ajiye musu farfesun kaza da dankali. Suka fara ci. Ta taga ana hango jiragen masunta suna dawowa. Russell ya shirya maganganu da yawa a jirgi, duk suka gudu, abin da ya rage shi ya faɗa.

"Ba ladabi ba ne ya sa na sa sunansa. Tsoro na ji."

"Na sani. Ni ma tsoron nake ji lokacin. Da ka tambaye ni, wataƙila da na ce sa shi." Omer ya goge baki. "Amma ba ka tambaye ni ba. A mujalla na gani, kamar baƙo."

"Haka ne."

"To, shi ke nan. Ka faɗa, na ji."

Ya ture kwano. Sai ya tambayi wani abu da Russell bai zata ba.

"Lambar nan ta cikin lissafi na uku, ɗaya da ɗigo huɗu. Har yanzu da ita suke aiki?"

"Kowa da ita yake aiki. Tana cikin littattafan koyarwa."

"Allah sarki. Cinta na yi, Rus! Ka manta? Na ce mu sa ta haka nan mu gani, in mun samu sarari mu nemo ta gaske. Shekara talatin, cikin mutum dubu shida ba wanda ya ce don me?"

"Yawancinsu ba su karanta ba. Ambato kawai suke yi."

"Kai fa? Kai da ka karanta?"

Russell ya sha zama zai taɓa lambar, sai ya ji kamar ya shiga ɗakin wani ba sallama.

Omer ya miƙe da ƙyar, ya shiga ciki, ya dawo da wani littafin rubutu da bangonsa ya ci duniya. Ya buɗe a tsakiya. Lambar ba tsayayya ba ce, in ji shi, tsawon tambayar da aka rubuta wa kwamfuta take bi. Ya yi lissafin tun 2003, amma ba shi da takardu miliyan da zai gwada a kai, sai jaridun masunta.

Russell ya jawo littafin. A layi na huɗu ya tsaya.

"Nan ka yi kuskure."

"Uban wa ya yi kuskure? Karanta da kyau, tsoho."

"Ka raba da sifili, in tambayar kalma ɗaya ce."

"Juya shafi, sarkin gaggawa! Halinka na nan."

Suka yi ta yi har kofi ya huce sau biyu. Muryar Russell ta fara dushewa. Ginette ta kwashe kwanuka ta bar musu kicin ɗin.

Da la'asar Omer ya rako shi bakin mota, littafin na hammatarsa, bai ba shi ba.

"Yuli fa?" in ji Russell.

"Ba zan zo ba. Ba ni da abin yi a kan dandamali. Ka karɓo abinka."

"Omer..."

"Na ce a'a. Amma in ka gama shan tafi, ka zo mini da tarin takardun gwajin nan, da kwamfutar da za ta iya ɗauka. Sati biyu ya isa mu san ko ina da gaskiya."

"In kana da gaskiya, mu rubuta?"

"Ka fara kawowa tukuna. Wataƙila shirme ne." Ya buga rufin motar da tafin hannu. "Kuma ka bugo waya kafin ka zo, kaza ɗaya muka yanka yau."

Russell ya tada mota. A hanyar Moncton ya tsaya a gefen titi, ya fito da wasiƙar, ya juya bayanta, ya rubuta layi na huɗun nan da ka kafin ya manta.