Mai Yatsa da Kwanon Auta

Shekara arba'in ina lanƙwasa ƙarfe, ina ƙera ƙofofi da tankunan ruwa, ban taɓa tambayar mai shago gejin kayansa ba. Geji shi ne lambar kaurin fallen ƙarfe, kuma wanda ya tsara lambobin nan Allah ya yafe masa, don a juye ya yi su: lamba na hawa, ƙarfe na ramewa. Ashirin da shida ya fi talatin kauri. Na maimaita wa masu saye wannan har bakina ya gaji. Ni kuwa sai in matse gefen falle da yatsa biyu in faɗi lambarsa, shi ya sa ake ce mini Mai Yatsa.

Abin da ban gaya wa kowa ba, tun bara yatsun nan suka daina ji. Suna motsi, suna riƙe guduma, shi ke nan. Kwanaki na ƙone wajen walda, sai da na ji ƙauri sannan na sani.

Ana haka ɗiyata Auta, wadda take ɗinki, ta gama ginin ɗaki biyu da gumin shekara huɗu a kan keken ɗinki, saura rufi.

"Baba, kai za ka zaɓar min kwano," in ji ta. "Ba na son wanda iska za ta naɗe kamar tabarma."

Na ce to. Me zan ce? Har mun kai bakin ƙofa na koma na ɗauko ma'aunin da mijinta ya taɓa saya mini, wani faifan ƙarfe mai tsaga-tsaga a gefe, kowace tsaga da lambarta. Ranar da ya kawo shi dariya na yi masa, na mai da shi abin danne takarda. Na jefa shi a aljihu ina jin haushin kaina.

Mai kwano ya tarbe mu da fara'a, ya jawo falle ɗaya daga tari.

"Baba Mai Yatsa da kansa! Ai ba sai na ɓata bakina ba. Ashirin da shida ne, taɓa ka ji."

Na matse. Na sake matsewa, ban ji komai ba. Na girgiza shi ko kukansa zai gaya mini, amma injin yanka na ta ƙara a bayan shago, kunnen ma ba na da ba ne. Da na gyaɗa kai kawai, sunana ya tsira. In kuma siriri ne, damina biyu ta isa, ni ne zan zo in zauna a ɗakin ina kallon jikokina suna jera bokitai. Na gaji, wallahi, kuma ba gajiyar tsayuwa ba ce.

Na ciro faifan. Murmushin mai kwano ya ɗauke.

"Auta, zura gefen nan a tsagar da ta kama shi daidai, ki karanta min."

Ta dube ni kafin ta karɓa. A ashirin da shida fallen ya yi ta rawa. A ashirin da takwas ma haka.

"Talatin, Baba."

Mai kwano ya ce kuskuren masu lodi ne, ya shiga ciki ya fito da wani. Wannan ya zauna daram a ashirin da shida. Amma bai bar ni na tafi haka ba.

"Baba, yau kuma da ƙarfe ake auna ƙarfe? Ina yatsan?"

"Ya yi ritaya," na ce.

Ba wanda ya yi dariya.

Muka biyo bayan motar kaya a ƙafa, don gidan ba nisa. Sai da muka zo tsallaka titi na sunkuyar da kai, na ga hannuna na dama a cikin nata. Ban san tun yaushe ta riƙe shi ba.