Bido Biyar a Ƙarƙashin Gado

Huseina ta tare bakin ƙofa da jikinta kafin Gwaggo Iyatu ta ƙaraso da kaskon garwashi.

"Gwaggo, a bar shi nan waje. Hayaƙin yana sa yaron tari."

"Wane hayaƙi? Gawayi ne ya ci ya nuna, ko sauro ba zai kora ba." Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Kwana tara da haihuwa. Jiya kin hana, yau kin hana. Ke mai jego ce ko jandarma?"

Huseina ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, amma ba ta gusa ba. Gwaggo ta ajiye kaskon a gindin bango tana mita, ta tafi.

Ita Iyatu gwaggon Kabo ce, mijin Huseina, kuma a gidan hayar nan take, ɗaki uku tsakaninsu. Da yake uwar Huseina tana can Madawa, hanya ta yi nisa, Gwaggo ce ta ɗauki wankan jego: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, da garwashi a ƙarƙashin gado don kada sanyi ya shiga ƙashin mai haihuwa. Na ƙarshen nan ne ya gagara, domin tun washegarin suna akwai abin da ya riga garwashin shiga wurin. Bido biyar, wato jarkoki, cike da fetur, an jera su, an saki zanin gado ya rufe.

Kabo mai gyaran mobilet ne, ƙananan baburan nan, a bakin titi a nan Wagadugu. Wata biyar ke nan rediyo ba ta da zance sai na Kuwaiti, da wa'adin da manyan ƙasashe suka ba Iraƙi. Kabo ya saurara har ya gamsu cewa ranar da aka yi harbin farko mai zai ɓace a duniya, tankokin mai daga Lome za su daina zuwa, Wagadugu mai tafiya a kan mobilet za ta tsaya cik. Sai ya sayar da mobilet ɗinsa guda cikin biyu ya sayi fetur. A waje za a sace, ko mai gidan haya ya gani ya kore su. Saura ɗaki. Ya sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, har Gwaggo.

Ta koma ciki. Wari ya cika ɗakin, duk da ƙyallen da ta cusa a bakin kowane bido. Turaren wuta ba hali, sai na kwalba take yayyafawa a labule. Yaron yana barci a tsakiyar gado, bakinsa a buɗe, yana shaƙa. Ɗan fari ne, don haka ko sunansa ba ta faɗa, ko ɗaukarsa ba ta yi a gaban mutane. Amma nan ba kowa. Ta ɗauke shi ta kai shi jikin 'yar tagar, inda iska ke shigowa.

Ta tagar take jin majalisar mai shayi. Tun asuba aka ce an fara ruwan bama-bamai a Bagadaza, maza sun bar aiki sun kewaye rediyo.

"Ni na ja tanki shekara goma sha biyu," in ji Illiya direba. "In mutum ɗaya ya zauna kan rijiyar gari ya ce shi zai yanka wa kowa kuɗin guga, ai dole a tashe shi."

"Wa ya naɗa su sarkin rijiya?" Muryar Rabi'u tela ce. "Don Allah, da gyaɗa ake haƙa a Kuwaiti, wa zai tura jirgi ko ɗaya?"

"Kai da keken ƙafa kake ɗinki, me ka sani game da isansi, kai da ba ka taɓa sayen fetur ba?"

"Na san mutanen da ake jefa wa wutar nan da asuba ba su suka sa farashi ba."

Aka kaure da musu, wasu da Faransanci, wasu da Mosanci. Muryar Kabo ta fi ta kowa wajen tsine wa masu jiragen.

Da hantsi ya shigo idonsa na ƙyalli. Ya durƙusa ya ɗaga zanin gado, ya shafa bidon farko kamar mai duba rago.

"Kin ji? An fara. Kwana uku, Huseina. Kwana uku za ki ga layi daga nan har unguwar Tanghin."

"Malam, ɗazu na ji kana tsine musu."

"Zalunci ne mana. Amma ni na aike su?"

"Yaron nan numfashinsa ya canja. Ni kaina ciwon kai ba ya sakina. Ka kai bidon nan unguwar Kossodo wurin abokinka, ko rana ɗaya ce mu sha iska."

"In kai wa kura ajiyar nama? Ki yi haƙuri. Don shi nake yi."

Ya fita. Ta zauna tana kallon ƙofar da ba ta da izinin wucewa sai ta yi arba'in. Saura kwana talatin da ɗaya.

Bayan azahar majalisar ta kasa kunne ga rediyo. Mai karanta labarai ya ce, saɓanin yadda aka zata, farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas a kasuwannin Turai. Illiya ya tuntsire da dariya. Can sai ta ji tashin mobilet ɗin Kabo, ya yi gabas.

La'asar na yi Gwaggo ta dawo, da kasko biyu wannan karon.

"Dubi ƙafarki yadda ta kumbura. Sanyi ne. Uwarki ta ba ni amana, ba zan mayar mata da gurguwa ba. Matsa."

"Gwaggo..."

"Matsa na ce!"

Ta sa kafaɗa ta ture ta. Garwashi guda ya gangaro ya faɗi a kan dokin ƙofa, ja wur. Huseina ta take shi da tafin ƙafarta, ba takalmi, ta murje. Sannan ta riƙe wuyan hannun tsohuwar da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, ta ja ta baya har tsakar gida.

"Ajiye su nan. Zo ki gani."

Ta ɗaga zanin gado. Gwaggo ta duba, ta shaƙa, ta yi salati a hankali. Ba ta yi ihu ba. Ta koma ta kwara wa kaskon biyu ruwan wanka, sannan ta ce, "Ɗauko min mijina. Ɗakina za ki ƙarasa jegon."

"Mata za su ce yaji na yi."

"Su ce."

Huseina ba ta miƙa shi ba. Ita ta rungumo shi ta fito, a gaban matan gidan da ke haɗa murhun tuwon dare, suna kallonta suna kallon juna. Ta sa wa ɗakin kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zaninta, ta zauna a ƙofar Gwaggo tana ɗaga ƙafar da ta ƙone.

Rana ta kusa faɗuwa Kabo ya turo mobilet cikin gida, da wani abu ɗaure a baya an lulluɓe da buhu. Ya ga kwaɗon, ya gan ta, ya matso ya rage murya.

"Wani ne ya tsorata ya sayar min da araha. Yanzu ne lokacin saye, wallahi sai ya tashi. Ba ni makulli."

Ta dubi buhun, ta dubi murhun Salamata maƙwabciyarsu da ke ci taku huɗu daga tayar baya.

"Matsar da shi daga wutar nan tukuna," ta ce.

Ya matsar. Ya dawo ya miƙo hannu. Ta gyara wa yaron hula, ta bar hannun a miƙe.