Muryar Gwangwani

Da hantsi ne, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, amma gari bai gama washewa ba. Indararon gidan burodin yana ta ɗiga cikin wani tsohon bokitin fenti da aka tara masa. Auta ya jingine babur ɗinsa a jikin bango, ya karkaɗe rigar ruwa, ya bi ta bayan tanda zuwa ɗan ɗakin karɓar oda, inda yayansa yake aiki.

Ɗakin ba wani ɗaki ba ne. Tebur ɗaya, kujera mai matashin da ya lotsa, wayar tebur, sai kwamfuta wadda allonta ya daɗe a kashe don babu mai kallonsa. Yaya ba ya gani. Tun yana saurayi ciwo ya tafi da idanunsa, daga nan kunne ya zama abin neman abincinsa. Masu shaguna su bugo waya su faɗi burodin da suke so, shi ya shigar a shafin kamfani, wata murya a cikin kwamfutar tana karanta masa duk abin da yatsunsa suka taɓa. Muryar ce suke kira Gwangwani, don sauti take yi kamar mutum ya cusa baki cikin gwangwanin madara yana magana. Yaya ya ƙure mata gudu har ta koma kamar ƙarar keken ɗinki. Duk gidan burodin babu mai tsintar kalma ɗaya a bakinta sai shi.

"Likitan kwamfuta ya iso," in ji Yaya, bai ko juyo ba. "Tun daga ƙofa na ji takalminka yana kukan ruwa."

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Ka zo da wuƙar yankan?"

Auta ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya ajiye jakarsa a kan tebur.

Abin da ya kawo shi bai ɓuya wa kowa ba. Kamfani ya sabunta shafin oda, ita kuwa burauzar da ke kwamfutar Yaya, manhajar buɗe shafukan intanet, ta tsufa ƙwarai, shafin ya ƙi buɗe mata sam. Kwana biyun nan Yaya da baki yake faɗa wa mai karɓar kuɗi oda, ita ta shigar a wayarta tana tsaki a hankali. Manaja ya yi magana cikin mutunci: idan aka shiga sabon mako abin bai gyaru ba, dole a ba wani teburin.

Auta ya san rabin laifin nasa ne. Shi ya zaɓa wa Yaya wannan babbar manhaja tun yana koyon gyara. Irin ta kyauta ce da 'yan sa-kai suke haɗawa, kuma gida-gida ce, kowane gida da yadda yake tattara ƙananan manhajojinsa ya raba wa jama'a. Akwai gidan masu gaggawa, su kullum da sabon abu, ka kwanta da maɓalli a hagu ka tashi da shi a dama. Akwai kuma gidan masu sannu, waɗanda ba sa sakin komai sai ya kwana ya huce, sai an jima su fito da sabon zubi gaba ɗaya. Abokan Auta a layin masu gyara suna kiran wannan gida da gidan tarihi. Amma ga mutumin da yake haddace wurin komai da yatsa, abin da ba ya motsi shi ne aboki, shi ya sa Auta ya ɗauko masa ta gidan masu sannu. Masu sannun ma sun fitar da sabon zubi, sun sake fitarwa, Auta yana cewa bari sai wani watan. Ga shi watan ya zo da kansa.

"Sabon faifan ajiya na kawo wa kwamfutar, mai ɗauke da sabon zubin," ya ce. "Tsohon zan cire in ajiye, ba abin da zai same shi."

"Tsaya tukuna."

Yaya ya zare abin kunnensa daga jikin kwamfutar, sautin ya fito ta lasifika. Ya danna maɓallin da ke faɗin lokaci. Gwangwani ta yi ɗan ƙaranta, ƙirrr, ta yi shiru. Ya sake dannawa.

"Sallama kuke yi?" Auta ya tambaya.

"Rufe mini baki. Agogo nake dubawa."

Aikin ya ɗauki lokaci. Yaya ya koma kan buhun sukari ya zauna, ya bar wa Auta kujerar. Ɗumin tanda yana ratso bango, ƙamshin burodin da aka fitar yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Auta ya kunna allon yana kallon layuka suna gudu a kai, hankalinsa kuwa yana can ɗakin Inna, lokacin da ya fara kawo wannan kwamfuta a bayan keke, ɗaure da igiyar shanya. Yaya a lokacin ya daina fita, ya daina amsa sallamar abokai. Ranar da muryar ta fara magana, Inna ta saki tsintsiya ta yi waje tana salati. Sannu a hankali muryar take magana a lokacin, kalma, sai hutu, sai kalma. Su biyu suke zama a kan tabarma, Yaya yana lalubar madannai, Auta yana gyara masa zaman yatsu. Duk sanda kunnen Yaya ya saba, sai ya ce, "Ƙara mata wuta." Auta ya ƙara. Har aka kai inda Auta ya daina ganewa, ya koma yana tambayar Yaya me ta ce. Ranar ce ya fara jin dariyar yayansa tun bayan ciwon.

Da kwamfutar ta tashi, wata murya ta yi maraba da su, mai laushi, mai numfashi kamar ta mutum. Mai kwaɓi, wani ƙato mai fulawa har gira, ya leƙo ta ƙofa.

"Iye! Yallaɓai ya samu sakatariya! Ina tsohuwar mai tarin?"

"Ta yi ritaya," in ji Yaya. "Kai ma ka bi a hankali."

Auta ya buɗe burauza, shafin oda ya fito tas, da hotunan burodi da komai. Ya ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa. Yaya ya koma kujerarsa, ya sa hannu, ya fara ƙara wa sabuwar murya gudu. Ya ƙara, ya ƙara, har ya kai inda ya saba. A nan abin ya lalace. Gwangwani, duk muninta, kowane harafi nata a tsaye yake ko an ƙure ta. Wannan kuwa da aka matsa mata sai kalmomin suka narke suka manne da juna kamar alewa a rana. Yaya ya karkata kai, ya sake karkatawa ɗaya gefen.

"Dawo mini da Gwangwani a cikin wannan ɗin," ya ce.

Auta ya riga ya san amsar, amma ya gwada don kada a ce bai gwada ba. Ya nemi ƙunshin manhajarta a rumbun sabon zubin, babu. Ya ɗauko tsohon ƙunshin daga filasharsa, ɗan ma'ajinsa na aljihu, ya ce a saka. Kwamfutar ta ce ba za ta zauna ba sai da wasu tsofaffin kayan da take dogara da su. Ya ce to a saka su. Ta jero masa abubuwan da za a cire in an saka su, burauzar tana sahun gaba. Ya bi ta wata hanya, ya dawo wuri guda.

"Yaya, ba za su zauna tare ba. Ko ita, ko shafin."

"Me ta yi musu suka jefar da ita?"

"Ba jefarwa ba ce. Kowace ƙaramar manhaja a gidan nan tana da mai kula da ita, shi yake gyara ta ta dace da sabbin kaya. Mai kula da Gwangwani ya ce ƙarfinsa ya ƙare, a samu wani ya karɓa. An yi ta cigiya ba wanda ya fito. Da lokacin rufe ƙofa ya yi, aka rufe tana waje."

"Mutum ɗaya ne? Duk shekarun nan?"

"Shi kaɗai."

Yaya ya shafa gefen tebur da babban yatsa. "Ni a zatona wani babban ofis ne, da masu gadi a ƙofa," ya ce. "Ashe ni da wani bawan Allah ne kawai." Ya juyo wajen Auta. "Kai ba za ka iya karɓa ba?"

"Ni fa mai canza fanka da batir ne, Yaya. Wannan aikin ya fi kaina."

"Na sani. Tambaya na yi."

Wayar tebur ta ɗauki ƙara. Yaya ya mayar da abin kunne, ya ɗaga, muryar aikinsa ta dawo nan take. Mai shagon bakin tasha ce, tsohuwar kwastoma, mai zuba magana ba waƙafi. Auta yana jin ta daga nesa tana jero manya da ƙanana da masu yanka-yanka. Yatsun Yaya suka tashi kamar kullum, suka yi rabin hanya, suka tsaya cak a sama. Ya koma baya ya saurari abin da ya buga. Ya sake komawa.

"Yi haƙuri, Uwa, maimaita mini na ƙarshen."

Ta maimaita. Ya sake neman ta maimaita. Auta ya ji ta tana cewa, "Kai kuwa yau lafiya? Ko ba kai ba ne?" Yaya ya yi wata 'yar dariya, ya ce ruwan sama ne ya shiga layi. Da ya ajiye wayar, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"A ɗan rage mata gudu mana," in ji Auta a hankali. "Na ɗan lokaci, kafin kunne ya saba."

"Ni za ka mayar ɗan aji ɗaya? Da furfura a haɓata?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Duk gidan nan sun san yadda nake aiki. Gobe mai kwaɓi ya tsaya a ƙofa yana jin ana yi mini karatu dalla-dalla kamar mai jinya? Bar ta inda take."

Auta ya naɗe tsohon faifan a cikin leda ya sa a aljihun jaka. Manaja ya zo wucewa da takardu a hammata, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ina labari, shafi ya buɗe?"

"Ya buɗe, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

"Madalla. To daga yanzu odar tana hannunka, ita mai karɓar kuɗi ta huta." Ya wuce.

Indararo yana ta ɗiga daga waje. Yaya ya cire abin kunnen ya ajiye. Ya miƙe, ya lalubo sandarsa a bayan ƙofa, ya ce bari ya wanke fuska, zafin tandar nan ya yi yawa yau. Auta ya saurari ƙwanƙwasar sandar har ta sha kwana wajen famfo.

Sai ya matsa kusa da madannai. Ya riƙe maɓallin gudu, ya sauke shi kaɗan. Ya sa abin kunnen a kunnensa ya saurara, har yanzu bai gane komai ba. Ya ƙara saukewa kaɗan, daidai inda kalmomin suka fara rabuwa da juna amma wanda ke tsaye a ƙofa ba zai tsinci komai ba. Ya mayar da abin kunnen yadda ya same shi, igiyarsa ta gefen hagu, ya koma kan buhun sukari yana ɗaure jaka.

Yaya ya dawo da ruwa a gemu. Ya zauna, ya sa abin kunne, ya danna maɓalli ɗaya. Ya tsaya. Yatsansa ya tafi kan maɓallin gudu ya zauna a kai, bai danna ba. Auta ya duƙar da kai yana fama da zif ɗin jaka wanda babu abin da ya same shi.

Wayar ta sake ƙara. Yaya ya ɗauke yatsan, ya ɗaga. Wani mai shago ne daban. Madannai suka fara ƙara, ba da saurin da aka saba ba, amma ba su tsaya ba har aka gama. Ya karanta wa mutumin odarsa daga farko har ƙarshe, ya ajiye wayar.

Auta ya saɓa jaka, ya ɗauki rigar ruwansa.

"Na tafi, Yaya."

"To. Ja mini ƙofar nan in ka fita, iska tana shigowa."