Jajen da Aka Turo ta Waya

Tun da Abdussamadu ya samu aikin ofis a Birnin Kebbi, ya kama haya a Gesse, kalmar Turanci guda ta maƙale masa a baki: sori. In ya taka maka ƙafa, sori. In bai ji abin da ka ce ba, sori, har da ɗan karkata kai. Manomi ya taso tun daga Ambursa neman takardar taki, ya wuni a benci, da yamma da sori za a sallame shi. Ranar da ya tsallake layi a gidan mai ma ita ya jefa wa mutane ya wuce. Ni dai ban taɓa ganin kalmar da aka bautar irin wannan ba.

An sa wata Asabar da kawunsa Maigandi zai zo daga Argungu ya nema masa auren Rauda. Ana saura mako biyu, ambaliya ta cinye shinkafar tsohon kakaf. Kawun nan shi ya riƙe shi tun yana maraya. Kowa ya san yadda ake jaje: ka je da ƙafarka, ka tuɓe takalmi, ka zauna a tabarma, ka yi addu'a. Abdussamadu sai ya danna waya ya tura murya: "Sori, Kawu."

Sai da aka kwana tara ya je, shi ma don ya tuna wa Kawu zancen Asabar. Ya tarar da zaure cike da 'yan jaje. A gefen Kawu ga Alhaji Hodi, mahaifin Rauda, wanda ya rufe shagonsa a Gwadangaji takanas ya zo.

Kawu bai yi faɗa ba, abin ya yi masa ciwo ne kawai. Ya ɗauko waya ya kunna saƙon, kamar yadda yake kunna wa duk wanda ya tambaye shi ina ɗansa.

Alhaji Hodi ya ce, "Malam Maigandi, wanga shi na yaron?"

"Shi na."

"Shekara nawa kar riƙe shi?"

"Ashirin da ukku."

Alhaji ya jawo takalmansa ya miƙe. "Kai da kay yi mishi wahalar shekara ashirin da ukku, abin da kas samu ke nan. Ɗiyata ko ta kwana guda ba ta yi mishi ba. Ku bar zancen Asabar."