Goruna Shida a Bakin Taga

Liyatu mai zoɓon unguwar Wuro Patuji a Mubi ba ta musu da kowa a kan komai, sai a kan launi. Daga nesa za ta hango gora a hannun abokiyar sana'a ta ce wannan an cika masa ruwa, wancan kuma ya kwana. Shekara goma sha tara tana kan tukunya, ina za a ɓoye mata?

'Yarta Miracle da rami a zuciya aka haife ta. Shekara bakwai Liyatu tana fargabar ranar da za a tsaga ƙirjin nan. Sai ga shi a wani babban asibiti, can nesa da Mubi, an toshe ramin ba wuƙa ba ɗinki. Ta jijiyar cinya suka zura siririn bututu har zuciya, suka buɗe wata 'yar ragar ƙarfe a bakin ramin, suka fito abinsu. Liyatu ta ɗaga rigar yarinyar ta ga ƙirji sumul, ta sake dubawa, ta fashe da kuka.

Da suka dawo gida ta dinga ɗura mata zoɓo safe da yamma, don a unguwarsu duk wanda ya fito daga asibiti jan abu ake ba shi ya mayar da jini. Shi ya sa da fitsarin Miracle ya yi ja, ba wanda ya damu. Mijinta Tizhe har dariya ya yi, ya ce, "Abin da kin zuba mata ne yana fita."

Kwana biyu ta yarda da shi. A na uku ta ɗauki fon fitsarin yarinyar ta fita haske ta duba. Ja ne mai duhu, ya kusa baƙi, kuma ba tukunyar da ta taɓa saukewa da ta ba da wannan launi. Ta leƙa idon Miracle, farin ya koma rawaya.

A asibitin cikin gari, Dakta Vandi ya ɗora na'ura a ƙirjin yarinyar, ya juyo da allon wajen uwar. Liyatu ta kasa zama. Ita ta haifi 'yar nan, ita ke mata wanka, amma ba ta taɓa sanin akwai ƙofofi a cikinta da ke buɗewa suna rufewa ba hutu, tun kafin ta ji kukanta na fari. 

"Mama Miracle, ga ragar nan," in ji likitan. "Ta toshe ramin, saura 'yar kafa kamar ta allura. Jini yana bi ta nan da ƙarfi, ƙwayoyinsa suna fashewa a jikin ragar. Jan da ke cikinsu ne kika gani."

"Wato jini ma ƙwaya ƙwaya ne?" ta ce a hankali.

Ya ce ya yi waya da waɗanda suka sa ragar. Za a ƙara mata jini da ruwa, a jira, don sau da yawa jiki da kansa ke lulluɓe ragar ya rufe kafar. In kwana shida suka wuce launin bai sauka ba, sai a koma a buɗe ƙirjin.

Liyatu ta aika aka kawo mata wankakkun gorunan zoɓonta. Kowace safiya sai ta tari fitsarin a gora guda ta jera a bakin taga. Nas Hapsatu ta ce, "Madam, kin buɗe shago ne a nan?"

Gora ta biyu ba ta da maraba da ta farko. Ta uku, Hapsatu ta duba ta girgiza kai, likita ma ya duba. Liyatu ta ɗaga ta saitin rana, ta juya ta, ta daɗe tana kallo.

"Ya sauka," ta ce.

"Mama, ni ban gani ba," in ji likitan.

"Dakta, kai ka san zuciya. Wannan kam aikina ne. Ya sauka."

Da yamma gwajin jini ya fito, ya tabbatar da maganarta. Gora ta huɗu ta yi kalar shayi. Safiya ta shida Liyatu ta ɗaga gora, sai ta hango bishiyar dalbejiyar asibitin tar ta cikinta.

Matar da ta saba zubar da duk zoɓon da ya yi fari-fari ta rungume gorar nan a ƙirjinta, hawaye na zuba. Sannan ta durƙusa bakin gado, ta ɗaga rigar Miracle, ta kafa kunne a fatar da wuƙa ba ta taɓa ba, tana sauraro.