Rigar Baba Kafin La'asar

Tun da hantsi nake fiƙe fensir, kamar fiƙewar ce za ta dawo da Yaya Munzali gida. In fiƙe, in ajiye, in leƙa zaure, in dawo in sake fiƙewa. Iya tana bakin ƙofar ɗakinta tana kallona.

Sana'ata zane ce. Telolin cikin garin Daura nake yi wa aiki: a sa wa mutum kaya ya tsaya a gabana, in zana yadda yadin ya kwanta a jikinsa, inda ya tattare da inda ya zubo, su kuma su rataye a shago masu kawo ɗinki su zaɓa. Da na fara, Baba bai so ba ko kaɗan. Da ƙyar ya yarda, shi ma da sharaɗi: "Fadila, ki zana tufa, ki bar fuska." Har yau ban taɓa sa wa kowa ido ko hanci a takarda ba. Wannan ne ya koya mini kallon riga, don in babu fuska, rigar ce kaɗai za ta faɗi ko wane ne a ciki.

Yanzu Baba ya rasu, Iya tana cikin takaba. Hatsi yake sayarwa a kasuwar Mai'adua, a can kuma ya yanke jiki ya faɗi. Duk tsawon zamansu, in zai fita Iya za ta ce, "A dawo lafiya, Malam," shi kuma ya ce, "Allah ya sa." Ranar da zai rasu itace ya ƙi kamawa, tana durƙushe tana hura wuta, da ta ɗago sai bayan shuɗiyar rigarsa ta gani yana shigewa zaure. Ba ta samu ta faɗa ba. Ba ta yi mana zancen sau biyu ba, amma mun san shi yake cin ta.

Hoto kuwa Baba bai bari ba, sai na katin zaɓe, inda ya zare ido kamar an kama shi da akuyar maƙwabta. Shi ya sa Iya ta ce in zana mata shi a cikin shuɗiyar rigar. Tun ranar da aka kawo shi rigar take rataye a ƙusa, Iya ta hana a wanke. Baba yana cikinta tsaf: kafaɗar dama ta koɗe saboda yawan yarfawa in zai yi awo, aljihu ya zube saboda goro da carbi, ga tattara a daidai gwiwa. Ni dai mutum nake buƙata ya sa ta, kuma tsayin Yaya Munzali ɗaya da na Baba.

Lokaci ne ba mu da shi. Baba ya yi wasiyya cewa rigar ta ƙaninsa ce, Baffa Harisu na Dutsi, shi kuma ya bugo waya yana nan tafe bayan la'asar. Yau da safe na duba ƙusa, wayam. Iya ta ce Yaya ne ya ɗauka jiya da yamma.

Sai da rana ta take na ji ƙarar babur ɗinsa. Ya shigo yana washe baki, riƙe da leda a hannu biyu kamar mai kawo lefe.

"Ke Fadila, zo ki ga aiki!"

Ya zare ledar. Na ga wani abu a ninke, shuɗi, yana ɗaukar ido.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Rigar Baba mana. Wanki na kai, aka sa sitaci, sannan na kai wa masu bugu. Sai da na tsaya a kansu. Ai ba a zana Baba cikin datti ba, mutane su ce me?"

Wallahi da ƙanina ne da sai na mare shi. Na warware rigar, tana ƙara kamar takarda. Tattarar gwiwa babu, aljihu ya manne, kafaɗa ta miƙe. Sun sa ta a kan gungume sun buge Baba daga cikinta tas.

"Garin neman gira ka rasa mana ido," na ce. "Wa ya aike ka?"

"Au, laifi na yi? Iya, kina ji fa!"

Iya ta dubi rigar, ta kau da kai. "Aikin gama ya gama. Sa ta ka zauna, Munzali."

Ya sa. Na ajiye masa kujera a gindin darbejiya, na gyara masa wuyan rigar, na ɗora masa hannayensa a gwiwa. Na koma kan tabarma na ɗauki allo.

Zaunar da Yaya Munzali wuri ɗaya, gara a ba ka jiran tsuntsaye a gonar gero. Aikinsa jigilar kaya ne a babur tsakanin Mai'adua da Kongolam, ko abinci a tsaye yake ci. Ban gama layin kafaɗa ba ya fara kaɗa ƙafa.

"Yaya, ƙafarka."

Ya daina. Sai ya soma sosa ƙeya.

"Yaya!"

"Sitacin ne yake cizona."

"Ai kai ka sa."

Wayarsa ta yi kuka a aljihun wando. Ya tattare rigar gaba ɗaya ya zaro ta. Zailani ne, abokin aikinsa, wai kaya suna jira a Kongolam. Ya ce yana nan zuwa yanzu-yanzu, ya kashe, ya zauna a karkace, ba yadda na ajiye shi ba. Na tashi na sake gyara shi. Ƙuda ya zo, ya kai masa duka. Kaza ta wuce, ya bi ta da ido har da wuya.

Duk da haka na gama na farko. Na ɗaga na duba: wani hamshaƙin alhaji ne zaune yana jiran a kawo masa gaisuwa. Na kai wa Iya. Ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau," ta ce, ta miƙo mini.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yaga, na ɗauki wata takardar.

Aka kira azahar. Ya tuɓe rigar ya tafi masallaci, ni ma na yi tawa sallar, hankalina rabi yana kan inuwar katanga da take ta miƙewa. Da ya dawo na gwada dabara. Na dunƙule rigar da hannu, na yayyafa mata ruwa, na cusa goro da carbi a aljihu. Ta yamutse kam, amma yamutsar hannuna ce, ba ta Baba ba. Na zana na biyu, na uku. Duk riga ce mai kyau, babu kowa a ciki.

Waya ta sake kuka.

"Yaya, don girman Allah kashe wayar nan."

"Ke, ni fa ba gunki ba ne. Tun ɗazu kin dasa ni kamar turke."

"Da ba ka kai ta bugu ba da tuni na gama!"

"Shi ke nan, ni ne mai laifi. Kullum ni ne!" Ya miƙe, idonsa ya yi ja. "Ni na ɗauko shi daga kasuwa a cikin rigar nan, kin sani? Ƙasar wurin da ya faɗi tana jikinta. Kullum na shiga ɗakin sai na gan ta. Ke tattara kike gani, ni ƙasar nake gani."

Ban taɓa tunanin haka ba, kuma kunya ta kama ni. Ana haka aka fara kiran la'asar, shi kuma ya juya.

"Zanen ya ƙare. In Baffa ya zo, ya same ni a waje in tuɓe masa."

Ya zura takalmi ya take dunduniyarsa. Zufa da mutsu-mutsun da ya yi tun rana sun riga sun karya sitacin. Yana tafiya ya kama hannun rigar na dama ya yarfa a kafaɗa, na hagu ya bar shi yana jan ƙasa, ya ɗan duƙa gaba kamar mai tsoron kasuwa ta watse kafin ya isa.

"Malam!"

Iya ce. Ta miƙe tsaye, hannunta a ƙirji. Yaya ya tsaya cak a bakin zaure, bai juyo ba.

A nan na gane wautata. Yaushe Baba ya taɓa zama a kujera da hannu a gwiwa? Mutumin da ko ranar salla yana gaisawa yana laluben takalmi! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun rana Baba yake ta motsi a gabana, ni kuma ina ce masa ya zauna.

"Yaya, kada ka juyo," na ce. "Kada ka tsaya kuma. Je ka ka dawo, ka sake fita."

Bai yi musu ba. Ya shiga zaure, ya dawo, ya sake juyawa. Ban san sau nawa ya yi ba. Fensir yana gudu, ban goge ko layi ɗaya ba: kafaɗar da ta ɗaga, hannun rigar da yake jan ƙasa, dunduniyar da ta fito daga takalmi, duhun zaure a gabansa. Ba a ganin fuska daga baya, don haka ko sharaɗin Baba ban taɓa ba.

Ina kan sa inuwar ƙarshe a zanen muka ji sallamar Baffa Harisu a ƙofar gida. Yaya ya tuɓe rigar a zaure, ya ninke ta, ya goge ido da bayan hannu. Na ji su suna gaisawa, Baffa yana yaba bugun da aka yi mata.

Na kai wa Iya takardar. Wannan karon ba ta ce ya yi kyau ba. Ta riƙe da hannu biyu, ta jawo mayafinta ta gyara a kai, yadda take yi in zai fita.

"A dawo lafiya, Malam," ta ce.

Ta kasa kunne, tana jiran amsarsa.