Oba-obar Baba Sabo

"Ba wannan ba," in ji Baba Sabo. "Mai da shi kwalinsa."

Malam Uwaisu ya dubi sabon suwic ɗin da ke hannunsa, fari sol, ko ƙwarzane babu. Naziru, ɗan tsohon, shi ya aiko da shi daga Kano da ya ji na da ya fara saki.

"Baba, ai wannan ya fi kyau."

"Hawa nawa gare shi?"

"Biyu."

"To. Ɗaya na doguwar eriya, ɗaya na gajera. In hadari ya taso, ina za ka kai wayar? Aljihunka? Ɗauko tsohon. Hawansa uku, na tsakiya ƙasa yake kaiwa. Goge masa haƙora, ka ɗaure ƙusar, zai yi."

Uwaisu malamin firamare ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Baba Sabo a ƙauyensu da ke yamma da Shanono. Shekara talatin tsohon ya yi yana riƙe da oba-oba, rediyon aika saƙo, a ma'aikatar gona. Da ya yi ritaya sai ya kafa tasa a shagon ƙofar gida, ya ja doguwar waya daga kan rimi zuwa turken dogon yaro. Su takwas ne tsofaffin abokan aiki, kowa a garinsa, kuma duk Alhamis bayan la'asar sukan hau iska su gaisa.

Wata guda ke nan Baba Sabo yana kwance. An kai shi asibiti, an dawo da shi, likita bai ce a koma ba. Da safiyar wannan Alhamis ya sa aka ɗauko shi da katifarsa aka kawo shago.

Kowa a unguwar ya san dalili. Damina uku da suka wuce tsawa ta faɗa ɗakin rediyon Malam Ɗanliti, amininsa da ke Gezawa. Da Ɗanliti ya samu wata oba-obar ya dawo iska, Baba Sabo ya tare shi da dariya, ya ce wanda ya binne sandar kai tsawa ƙasa taku ɗaya kacal cikin yashi kada ya ce ƙaddara, ya ce lalaci. Bai san cewa jikar Ɗanliti tana cikin ɗakin ba, kuma tun ranar ba ta ƙara ji da kunnenta na dama ba. Daga nan Ɗanliti yakan amsa gaisuwar kowa, in an zo kan Sabo ya yi shiru.

"Ga lambarsa a wayata, Baba," in ji Uwaisu yana ɗaure ƙusar. "In kira maka shi yanzu?"

"A gaban mutum shida na faɗa. A gabansu zan janye."

Uwaisu ya haɗa batir, ya kunna. Wani gunji ya cika shagon, da ya taɓa bayan rediyon kuwa ya ji tsam a yatsa.

"Ƙasa ta bushe," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Larai, tun yaushe rabon sandar nan da ruwa?"

Inna Larai, matarsa, tana zaune a bakin ƙofar da ta shiga cikin gida, tana tsince wake. "Tun da ka daina alwala a kanta. Ni ka ɗauke ni aikin ban-ruwan ƙarfe ne?"

Bayan shagon ne sandar jan ƙarfen take, an kafa ta tsawon mutum cikin rami mai gawayi da gishiri. A nan Baba Sabo ya ajiye dutsen alwalarsa, sau biyar a rana ruwa yana sauka a gindinta. Yanzu wurin ya tsage. Inna Larai ta miƙo tulu, Uwaisu ya zuba sannu a hankali har ƙasar ta daina sha, ya kankare tsatsar da ke bakin wayar, ya matse. Da ya dawo gunjin ya kwanta.

Da ya dawo daga masallaci bayan la'asar, gabas ta yi baƙi. Mata suna ta kwashe shanya, ana koro awaki.

"Ka san dokar ɗakin nan," in ji Baba Sabo. "In an yi walƙiya, ka fara ƙirga subhanallahi. In tsawa ta zo kafin ka kai goma, suwic ya koma tsakiya, a zare waya. Ko da gwamna nake magana."

"Na sani, Baba."

Uwaisu ya murɗa zuwa doguwar eriya, ya riƙe masa abin maganar a bakinsa. Muryoyi suka fara shigowa, na Tofa, na Ɓagwai, na Ɗambatta, kowa yana tambayar jiki. Tsohon ya amsa da ƙyar, sannan ya ce, "Gezawa, Gezawa. Ɗanliti, kana ji? Oba."

Shiru, sai ƙarar iska.

"Bai hau ba tukuna," in ji na Tofa. "Ruwa ya fara daga wajensu. Ka san shi yanzu, ba ya kunnawa sai sama ta washe. Oba."

Aka yi walƙiya. Uwaisu ya ƙirga a zuci, ya kai ashirin da biyu kafin rugugin tsawar ya iso. Suka jira. Iska ta fara kaɗa rimi, wayar tana lilo. Ta biyu ya kai sha biyar. Inna Larai ta ajiye faifan waken, ta matso ta zauna a ƙafar mijinta.

Sai wata murya mai kauri ta ratso ƙarar. "Gezawa ce. Salamu alaikum, jama'a. Oba."

Baba Sabo ya kama hannun Uwaisu ya jawo abin maganar. "Ɗanliti, Sabo ne. Ku shida ku zama shaida. Maganar da na faɗa maka a kan tsawa, ban san da yarinyar ba. Ko da babu yarinyar ma, ban kyauta ba. Ni tafiya ta zo. Ka yafe mini don Allah." Ya tsaya yana neman numfashi. "Oba."

Yana sakin maɓallin shagon ya haske fari. Uwaisu yana kaiwa shida tsawa ta fashe har kwanon rufin ya amsa.

"Tsakiya," in ji tsohon.

"Baba, minti ɗaya. Yanzu zai amsa."

"Hannunka na kan ƙarfe, matata na ƙafata. Abin da na zage shi a kai zan yi? Tsakiya, Malam."

Uwaisu ya murɗa. Rediyon ya ɗauke. Ya zare wayar ya jefa ta waje ta taga, ruwa ya kece.

Sai da aka yi sallar magariba sannan sama ta lafa. Uwaisu ya mayar da waya, ya kira Gezawa, ya kira Tofa, ba kowa. Ya gwada wayar hannu, ruwan ya tafi da sabis. Ya ce gobe zai hau babur ya je inda ake samu.

"Bari," in ji Baba Sabo. "Nawa na faɗa. Nasa kuma yana hannunsa."

Washegari da hantsi, Uwaisu yana aji yana koyar da lissafi, ya ji salati daga gidan tsohon, da ke bayan makarantar. Ya ajiye allin, ya ce wa yaran su yi wa Baba Sabo addu'a. Kafin a tafi Juma'a aka kai shi.

Ranar sadakar uku, ana zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, wani ɗan acaɓa ya sauke wani gajeren tsoho mai sanda, gefen rigarsa duk laka. Ya yi sallama, kuma Uwaisu ya gane muryar tun kafin ya faɗi suna. Bayan an yi fatiha, tsohon ya tambayi wanda ya riƙe wa Sabo rediyo, ya ja shi gefe.

"Malam, na amsa masa. Sau uku na ce na yafe, na ce shi ma ya yafe mini shekara ukun nan. Duk sun ji. Shi ya ji?"

Uwaisu ya san kalma ɗaya za ta sa tsohon nan ya koma Gezawa da sanyin zuciya.

"Bai ji ba, Baba. Tsawa ta zo kusa. Na roƙe shi minti ɗaya, ya ce a mai da suwic ƙasa."

Ɗanliti ya gyaɗa kai a hankali. "A nawa ta zo?"

"Shida."

"Ya yi daidai." Ya goge fuskarsa da hannun riga. "Kai ni."

Suka bi hanyar da ta ratsa gonaki, gero ya tsiro layi-layi, tsawon ɗan yatsa. A maƙabarta Ɗanliti ya cire takalmansa, ya miƙa wa Uwaisu sandarsa, ya durƙusa a wajen kai. Uwaisu ya ja baya har gindin wata kuka, inda ba zai ji ba. Daga nan yana hango leɓen tsohon yana motsi, yana tsayawa, yana sake motsi, hannunsa ɗaya yana gyara ƙayar da iska ta ture daga kan kabarin.